Zanen filin kiwo

Zanen filin kiwo nau'i ne na zanen karkara da ke nuna garke, makiyayi da faɗin ƙasar da ake kiwo a cikinta. Ana yin sa da fentin mai a kan yadi, ko da fentin ruwa a kan takarda.

Tarihi

Ya yi tashe a yammacin Amurka, yankin manyan gandayen shanu, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Charles Russell (1864–1926) ya yi shekaru yana kiwo a Montana kafin ya duƙufa ga zane, shi ya sa dabbobinsa ke tsayuwa irin ta dabbar gaske. Frederic Remington (1861–1909) ya fi karkata ga mahaya dawaki.

A jihar Kaduna, koyar da zanen zamani ya kafu a Zariya wajen tsakiyar shekarun 1950, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta nemi a haɗa dabarun Turai da abin gida. Ruga da burtali na cikin abin da masu zane a Arewa suka saba ɗauka.

Yadda ake kallonsa

Mai kallo ya ja baya taku biyu ko uku, ya fara duba inda ƙasa ta haɗu da sama. In mahaɗar ta yi ƙasa, sararin sama ne ke ɗauke da zanen. Launi yana ƙarfi a gaba, ya riƙa dusashewa zuwa nesa, kamar yadda hazon hunturu ke shanye duwatsu.

Daga nan sai shanun, inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Bunaji fari ne mai baƙin kunne da baki, Rahaji ja ne mai dogayen ƙahoni, Bokolo kuwa ƙahonsa gajere ne. Wani kuskuren da ake yi shi ne shafa wa Bunaji farin fenti zalla, alhali cikinsa da gefen tozonsa na ɗaukar inuwa da jan ƙasa. Haka kuma kuskure ne a ga ɗanyar ciyawar damina ƙarƙashin hazo, ko inuwar ɗorawa ta faɗi gabas, ta makiyayi ta faɗi yamma.



Adanawa

Ba a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Burushi mai laushi ya isa kaɗe ƙura. Danshin bango da damina yana sa yadin ya yi fumfuna.