Rumfar Itace

Rumfar itace rumfa ce da ake kafawa domin tara itacen wuta, inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba amma iska na ratsa shi har ya bushe. An fi saninta a ƙasashen da ake ɗumama gida da itace lokacin hunturu, irin su Norwe, Finlan, Kanada da arewacin Amurka, inda gida ɗaya kan tara itacen shekara guda ko biyu. A ƙasar Hausa ma akwai ta: 'yar rumfar kara ko ta kwano a gefen madafa, wadda uwargida ke cikawa kafin ruwa ya sauka, da manyan rumfunan masu gidan burodi da masu sayar da itace. Gininta ba shi da wuya. Wuri ɗaya ne ke buƙatar lissafi, wato katakon da ke kwance bisa ginshiƙai yana ɗauke da rufin.

Dalilin yin ta

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Idan aka sa shi a wuta, sai wutar ta fara ƙafe ruwan kafin ta ba da zafi, shi ya sa yake huci, yana kumfa a baki, yana cika gida da hayaƙi. Wanda ya bushe har ruwan cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 yana ba da zafi kusan ninki biyu na ɗanye, kilo da kilo. A ƙasashen sanyi akwai ƙarin haɗari, domin hayaƙin ɗanyen itace yana barin baƙin maiƙo a cikin bututun hayaƙi, maiƙon kuma yana iya kama wuta. A Ingila, tun watan Mayun 2021, doka ta hana sayar wa gidaje itacen da ruwansa ya wuce kashi 20 idan abin da za a saya bai kai mita biyu na cika ba (mita ɗaya ta cika ita ce tarin da ya kai mita ɗaya tsawo, faɗi da tashi).

Itace mai laushi irin fayin yakan bushe cikin wata shida zuwa shekara ɗaya idan an faskara shi. Mai tauri irin oak yana iya cin shekara biyu. A Kano ko Damagaram hunturu da bazara sun isa su busar da kirya ko marke cikin ɗan lokaci, don haka aikin rumfar a nan shi ne tsare busasshen itacen daga ruwan Yuli da Agusta.

Siffarta

Iska ce ke busar da itace, rufi tsaro kawai yake yi. Saboda haka ana barin gaban rumfar a buɗe, gefe da baya kuma a buga katakai da rata a tsakaninsu. Ana ɗaga daɓen kamar santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, a kan bulo ko tsoffin katakai, don kada layin ƙasa ya sha danshi. Rufin yakan zama mai gangara ɗaya, gaba ya fi baya tsawo, bakinsa ya zarce itacen da kamar santimita 30. Wanda ya toshe rumfarsa ta ko'ina da kwano ko leda, itacen zai yi gumi ya yi funfuna.

Girman rumfa yana bin yawan itacen. A Amurka da Kanada ana auna shi da kod, tarin da tsawonsa ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, tashi ƙafa 4, wato kusan mita 3.6 na cika. A Faransa sun saba da ster, tarin mita ɗaya ta kowane ɓangare. Rumfa mai zurfi sosai ba ta da amfani, don layukan tsakiya ba sa samun iska, kuma tsohon itace ya maƙale a baya ana ta ƙona sabo.

Mafyaɗi

Katakon da ke haɗa ginshiƙi da ginshiƙi, wanda raftoci (katakan da ke tallafe da kwanon rufi) ke hawa kansa, shi ne mafyaɗi, kafintocin birni kuma su ce bim. A rumfar gargajiya sanda ce da ake ɗorawa a bakin dirkoki masu gwafa. Nauyin rufi yana bi ta raftoci zuwa mafyaɗi, daga nan zuwa ginshiƙai, sannan ƙasa. Idan rafta ɗaya ta gaza, na kusa da ita sun tallafe ta. Mafyaɗi ba shi da mai tallafa masa.

Yana gazawa ta hanya biyu, ko ya karye ko ya lotsa. Idan nauyi ya hau shi, samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, tsakiyarsa kuwa kusan ba ta yin aikin komai. Wannan ne ya sa nisan da ke tsakanin sama da ƙasan katakon ya fi kaurinsa muhimmanci nesa ba kusa ba. Galileo ne ya fara rubuta wannan a 1638, cewa ƙarfin katako yana bin kaurinsa sau tashinsa sau tashinsa. Ya yi kuskure a wani ɓangaren lissafin, kuma tsarin da injiniyoyi ke bi yau ya daidaita ne a hannun Bafaranshe Navier a 1826.

A aikace ga abin da hakan ke nufi. Katakon da kafintoci ke kira tu-bai-sikis, kauri santimita 5 da faɗi 15, idan aka tsayar da shi a kan gefensa ya fi ƙarfin wanda aka kwantar sau uku, ya kuma fi shi juriyar lotsawa sau tara. Katako ɗaya ne, kuɗi ɗaya. Abin takaici, ana yawan ganin an kwantar da shi don kawai ya fi sauƙin buga ƙusa.

Tazarar da ke tsakanin ginshiƙai ta fi komai tsanani. Idan aka ninka ta biyu, ƙarfin da ke neman karya katakon ya ninka huɗu, lotsawa kuma ta ninka goma sha shida. Ido ba ya iya ƙiyasta wannan, kuma a nan ne gwanin kafinta ma yake ruɗuwa: katakon da ya zauna daram a mita biyu, a mita huɗu sai ya yi ciki kamar igiyar shanya.

Yadda ake lissafin

A ɗauki misali da rumfa mai tazarar mita 3 tsakanin ginshiƙai da zurfin mita 1.8, mafyaɗi ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kowanne yana ɗauke da rabin zurfin, mita 0.9, da bakin rufin da ya zarce, mita 0.3, jimla mita 1.2. A ce kwano da raftoci sun yi kilo 25 a kowace mita murabba'i. A ƙasar sanyi sai a ƙara dusar ƙanƙara. Sabuwa ba ta da nauyi sosai, amma wadda ta kwana biyu ta danne tana kai kilo 300 a mita ɗaya ta cika, don haka rabin mita a kan rufi ya zama kilo 150. Hukumomin gini na kowane yanki suna da adadin da suka ƙayyade, kuma nasu ake bi. Jimla kilo 175, sau 1.2, ya ba da kilo 210 a kan kowace mita ta mafyaɗin.

Ƙarfin lanƙwasa a tsakiya shi ne wannan nauyi sau tazara sau tazara, a raba da 8. Wato 210 sau 3 sau 3 raba 8, kusan 236, ko 23,600 idan aka mayar da mita santimita. Sai a raba shi da abin da katakon ke iya jurewa lafiya. Ga katakon fayin mai kyau, kilo 70 a santimita murabba'i adadi ne na kusa. Amsar ita ce 337, kuma ita katakon zai cike.

Adadin katakon kuwa, idan yana tsaye a kan gefensa, shi ne kauri sau faɗi sau faɗi, a raba da 6. Mai 5 da 15 yana ba da 187, ya gaza da nisa. Mai 5 da 20 yana ba da 333, yana kan gaɓa. Guda biyu masu 5 da 15, a haɗa su gefe da gefe da ƙusoshi, suna ba da 375, sun wuce. Amma idan aka kafa ginshiƙi ɗaya a tsakiya, tazara ta koma mita 1.5, abin da ake nema ya faɗo zuwa 84, katako ɗaya ya ishe shi har da rara. Sau da yawa ƙarin ginshiƙi shi ne mafita mafi arha, ga shi yana raba rumfar gida biyu, na itacen bana da na baɗi.

Dole a auna katakon da tef, domin sunansa ba girmansa ba ne. A Amurka tu-bai-sikis ɗin da aka goge milimita 38 ne da 140, a kasuwannin katako na Najeriya ma yankan yakan gaza. Babban ƙulli a gefen ƙasa, musamman a tsakiyar tazara, yana rage ƙarfi ƙwarai, don haka a juya shi sama. Game da lotsawa, ana so kada ta wuce kashi ɗaya cikin 180 zuwa 240 na tazarar, santimita ɗaya da 'yan kai ke nan a mita 3. Ɗanyen katako kuma yana ci gaba da lotsawa a hankali shekara da shekaru, ko da nauyin bai ƙaru ba.

Inda babu dusar ƙanƙara

A Katsina ko Maraɗi lissafin ya sauya. Nauyin da ke danna rufin shi ne nasa da na mutumin da zai hau gyara. Idan mai kilo 90 ya tsaya a tsakiyar waccan tazara ta mita 3, abin da ake nema bai wuce 145 ba, tu-bai-sikis ɗaya a tsaye ya wadatar. Abokin gaba a nan iskar farkon damina ce. Iska mai gudun kilomita 108 a awa tana da matsin kusan kilo 55 a mita murabba'i, fiye da ninki biyu na nauyin rufin, kuma rumfar da gabanta ke buɗe tana kama ta kamar laima. Rufin ba ya rushewa, tashi yake yi. Maganinsa a ɗaure rafta da mafyaɗi, mafyaɗi da ginshiƙi, da langa-langa ko noti, a kuma binne ginshiƙan da kyau. Ƙusar da aka buga daga sama kawai zarewa take yi. Ya fi kyau a sare wa mafyaɗi mazauni a kan ginshiƙi, yadda gwafar dirka ke rungumarsa, da a rataye shi a gefe a kan ƙusoshi.

Sai gara, wadda tarin busasshen itace ke kira. Ana ɗora ƙafar ginshiƙi a kan siminti, ko a shafe ta da baƙin mai, a kuma nisanta rumfar da bangon ɗaki.

Maginan Hausa sun san dokar tazara tun kafin a zo da tef. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, amma ƙarƙashin nauyin rufin ƙasa ba a sake ta ta wuce kamar mita 1.8. Idan ɗaki ya fi haka, sai a fito da azarori daga bango hawa-hawa, ko a gitta su a kusurwa, ko a ɗaure baka, duk don a rage wa kowace azara nisan da za ta tsallaka. Da wannan dabarar Babban Gwani ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830.