Gauraka

Gauraka tsuntsun fadama ne mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, masana na kiransa Balearica pavonina. Tsayinsa ya kai kimanin mita ɗaya, nauyinsa kilo 3 zuwa 4. Ana samunsa tun daga gonakin shinkafa na bakin teku a Senegal da Gini Bisau har zuwa Chadi, Sudan da Habasha. Shi ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya.

Da tukkunsa ake gane shi: tsinkayen gashi ruwan zinariya, a baje a ƙeyarsa kamar an buɗe mafici. Goshinsa baƙi wuluk, sai ka ce karammiski. Kumatun ba gashi, sama fari, ƙasa jaja-jaja. Jikin baƙi-baƙi ne, amma da ya buɗe fiffike sai fari fat ya bayyana, ana hango shi daga nesa. Yana tashi da wuya a miƙe, ba ya lanƙwashe shi kamar zalɓe, kuma wannan kaɗai ya isa a bambanta su a sama. Da magariba yakan hau bishiya ya kwana, domin dogon yatsansa na baya yana riƙe reshe.

Da damina yake hayayyafa. Mace da namiji su tara ciyawa a tsakiyar ruwa mara zurfi, a saka ƙwai 2 zuwa 5, su riƙa karɓa-karɓar kwanci kusan wata guda. Abincinsa fara, ƙwayoyin ciyawa, kwaɗi da ragowar hatsi.

A arewacin Bauchi, fadamun kogin Jama'are da suka ratsa ƙasar Katagum suka nufi dausayin Haɗeja da Nguru irin mazauninsa ne. A da, Nijeriya na da gauraki dubbai. Farin shekarun 1970 da 1980 ya busar da fadamu, madatsun ruwa suka rage ambaliya, noman rani da kiwo suka ci wuraren sheƙa. Tun 2010 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin da ya fi ciwo shi ne kamu. Kyansa ne ya ja masa: ana kwashe ƙwai da 'yan tsaki a sayar wa masu son ado a gida, kuma da wuya ya yi sheƙa a tsare. A yau ya fi sauƙi mutum ya ga gauraka a farfajiyar gidan mai hali, an datse masa fiffike, da ya ji kukansa da asuba a fadamar Jama'are.