Ba Brian Clough Kaɗai Ya Gina Nottingham Forest Ba

Idan aka ambaci yadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nottingham Forest ta hau rukunin farko na Ingila a 1977, ta lashe gasar a 1978, sannan ta ɗauki Kofin Turai a 1979 da 1980, sunan kocinta na lokacin, Brian Clough, kaɗai ake kira, domin shi ne mai kaifin harshe da 'yan jarida ke rububinsa. Wannan fahimta ta tauye haƙƙin Peter Taylor, mataimakinsa tun daga Hartlepools a 1965, wanda suka ci gasar Ingila tare a Derby County a 1972.

Taylor ne mai idon gano ɗan wasa. Shi ya matsa aka sayo Kenny Burns daga Birmingham City, ɗan gaban da ake ganin ba ya jin magana, aka mayar da shi mai tsaron baya, har marubuta wasanni suka zaɓe shi gwarzon shekarar 1978. Clough kuwa gwaninta tasa ita ce cusa wa ɗan wasa ƙwarin gwiwa.

Da Clough ya je Leeds United a 1974 ba tare da Taylor ba, kwana 44 kacal ya yi aka sallame shi. Bayan Taylor ya bar Forest a 1982, Clough bai sake lashe gasar Ingila ko Kofin Turai ba. Abin takaici, sun ɓata a 1983 kan cinikin John Robertson, ɗan wasan Forest da Taylor ya ɗauko zuwa Derby County, kuma Taylor ya rasu a 1990 ba su shirya ba.