Me ake nufi da gwajin jijiyar ƙafa ga mai ciwon suga?

Masu ciwon suga da yawa idan sun je asibiti sai dai a auna suga a rubuta magani su kama hanya, ba wanda ya ce su cire takalmi, kuma wallahi abin nan yana damuna. Akwai gwajin da ake kira gwajin jijiyar ƙafa, ana yin sa ne don a gano ko ƙafar ta fara daina ji.

Suga idan ya daɗe yana sama yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ji, likitoci suna ce masa nuropati, kuma daga yatsun ƙafa yake somawa tunda jijiyoyin can sun fi tsawo. Wani zai ce maka tafin ƙafarsa na raɗaɗi da dare, wani ya ce ta yi masa dindiris, wani kuma bai ji canjin komai ba alhali jijiyar ta riga ta taɓu, to shi ne abin tsoron, don zai taka ƙusa ko ya ƙone a kaskon wuta lokacin hunturu ko faso ya buɗe masa dunduniya bai sani ba, sai ya zama gyambo, daga nan ne ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Gwajin ba allura ba jini. Wani siririn tsinken roba ne, ana ce masa monofilamen mai gram 10 don nauyin gram 10 ke lanƙwasa shi, za ka rufe ido a danna maka shi a ƙasan babban yatsa da wasu wurare a tafin ƙafa har ya lanƙwasa, ka ce na ji ko ban ji ba. Akwai kuma ƙarfen da ake kaɗawa mai lamba 128, a ɗora a babban yatsa a ga ko kana jin girgizarsa.

Mai ciwon suga nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, ana fara yi masa tun ranar da aka gano ciwon, mai nau'i na 1, wanda ya fi somawa tun yarinta, bayan shekara 5 da gano shi, sannan kowa duk shekara.

Inda babu kayan ma akwai dabarar da aka fito da ita a asibitin Ipswich a Ingila, mai ciwon ya rufe ido, wani ya taɓa masa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin a kowace ƙafa a hankali. Idan biyu ko fiye cikin shidan bai ji ba, dan Allah a kai shi asibiti a duba ƙafar sosai, kuma ya bar yawo ba takalmi ko a tsakar gida ne.