Abinci mai laushi bayan tiyatar rage ƙiba

Abinci mai laushi bayan tiyatar rage ƙiba shi ne cimar da likitoci ke ɗora mutum a kai na wasu makonni bayan an yi masa aikin rage girman tumbi, kafin ya koma cin abinci irin na kowa. Ma'auninsa a sauƙaƙe dai shi ne duk abin da za ka danna da bayan cokali ya murƙushe ba tare da ka sa ƙarfi ba. Yawanci ana shiga wannan mataki wajen mako na 4 ko na 5 a kai har mako na 8, amma kowane asibiti da nasa tsarin.

Asalin tsarin

Dokokin cin abincin nan sun girmi ita kanta tiyatar. Tun zamanin da ake yanke wani ɓangare na tumbi saboda gyambon ciki likitoci suka lura cewa masu irin wannan aiki in suka sha abu mai zaƙi sai zufa ta karyo musu, zuciya ta hau bugawa, ga jiri ga gudawa, saboda abincin ya zubo cikin hanji gaba ɗaya babu mai tsare shi. Daga nan aka gaji maganar ci kaɗan-kaɗan da raba ruwa da abinci.

Aikin rage ƙiba na farko da aka fi ambata shi ne wanda Arnold Kremen da abokan aikinsa suka wallafa a Minesota ta Amurka a 1954, kuma su sawa suka yi abinci ya tsallake wani ɓangare na hanji, ba su taɓa tumbi ba. An rame kam, sai dai gudawa da lalacewar hanta da tsakuwar ƙoda suka sa daga baya aka watsar da shi. Edward Mason na Jami'ar Ayowa shi ya juyo da hankali kan tumbi, wajen 1966, wasu kuma 1967 suke rubutawa don a shekarar aka buga bayanin aikin. Abin da ya ja hankalinsa shi ne waɗancan masu gyambon cikin da aka yanke wa tumbi ba sa iya maida jiki. Salon ɗinkin hanjin da ake yi yanzu a aikin baifas, wato wanda ake ware 'yar jaka a saman tumbi a haɗa ta kai tsaye da hanji, kuwa sunan César Roux yake ɗauke da shi, wani likitan Suwizalan da ya yi zamani tun ƙarshen ƙarni na 19, shi ba ma don ƙiba ya ƙirƙiro shi ba. A 1994 Alan Wittgrove ya ba da rahoton yin baifas ta 'yan ƙananan huda da kyamara maimakon farke ciki, abin da ya sa jinya ta ragu sosai. Aikin da ya fi yawa yanzu, wanda ake cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a bar shi siriri kamar ayaba, da farko ɓangare ne na wani babban aiki, sai a farkon shekarun 2000 ya tsaya da ƙafarsa.

A baifas 'yar jakar da ake bari ba ta wuce kimanin mililita 30 ba, kamar girman ƙwai. To wannan ita za ta karɓi abincin mutumin da ya saba tashi da malmala biyu.

Matakai

Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ruwa ne garau da romo tatacce. Sai kusan mako 2 na abin sha mai ɗan kauri irin su madara, sai niƙaƙƙen abinci, sannan mai laushi.

Abin da ake samu a gida

Da yawa daga 'yan Najeriya da ake yi wa aikin a Masar ko Indiya ko Turkiyya ake yi musu, wasu a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, sai a sallamo su da takardar abinci da Turanci cike da sunayen cuku da yogot ɗin da ba a gani a kasuwar Katsina balle ta Daura. Abin da takardar ke nema a gaskiya furotin ne, wato sinadarin da ke gina jiki, gram 60 zuwa 80 a rana, kuma shi ake fara ci kafin komai don wurin ba shi da yawa.

Alale yana gaba-gaba, tunda an riga an surfe waken an cire ƙowa an markaɗa, sai dai a rage mai sosai a cire attaruhu, a turara shi ya yi taushi, in ya yi tauri a zuba masa romo a dama. Awara ma haka, amma ba soyayyar bakin titi mai yaji ba, ɗanyarta ake sakawa cikin romo ta dahu. Ƙwai guda yana ba da kamar gram 6, an fi jure shi in an kaɗa an dafa shi da laushi, dafaffe mai tauri yakan tsaya wa wasu a ƙirji. Kifi, musamman tarwaɗa a farfesu, ya fi nama sauƙin wucewa, a zauna a tsince ƙaya tsaf. Kaza sai ta dahu luguf an daddage ta cikin miya. Faten wake da faten dankali da kabewa ta miyar taushe duk suna shiga, haka gwanda nunanniya da ayaba.

Kindirmo marar sukari abu ne mai kyau in an tabbatar da tsabtarsa, don nonon da ba a dafa ba hatsari ne ga mai sabon ɗinki. Fura kuwa, ko hura kamar yadda bakin Katsinawa ke faɗa, nan ake samun matsala, domin a gida in mutum ba ya iya cin komai ita ake dama masa, alhali gero ne zalla da yaji da kanumfari ga sukari ludayi guda. In za a sha, nonon ya rinjayi furar nesa ba kusa ba, a tace gayan, a bar sukari. Kunun gyaɗa da koko su ma a tace, a ƙara musu madara don su kaɗai cika ciki kawai suke yi.

Tuwo

Tuwo da laushinsa amma ba ya cikin abinci mai laushi a wannan ma'ana. Dalili kuwa ba a tauna shi, loma ake yi a dangwali miyar kuka ko kuɓewa yauƙin ya wuce da ita, to a sabon tumbi lomar nan zama take daram ta toshe hanya, sai ciwo a ƙahon zuciya da amai. Shinkafa da burodi da taliya da gurasa su ma kan cure. Kilishi, tsire, balangu, ƙosai, soyayyen nama na layya da rake sai can gaba in likita ya yarda.

Yadda ake ci

Ana farawa da cokali 2 zuwa 4 a zama ɗaya, a hankali a kai rabin kofi, a ɗauki minti 20 zuwa 30 ana ci, kowace loma a tauna ta sai ta zama kamar kunu. Shi ya sa za ka ga an zuba wa babban mutum alale a ɗan faranti na yara da ƙaramin cokalin shayi, 'yan dubiya sun cika ɗaki da kuloli suna ta "Hajiya daure ki ƙara ko loma ɗaya ce", ita kuwa ta riga ta ji alamar, shaƙuwa ko nauyi a ƙirji, kuma lomar da ake roƙon nan ita ce mai dawo da sauran.

Ba a haɗa ruwa da abinci, ana barin kamar minti 30 tsakani. Duk da haka ana son lita 1.5 zuwa 2 a rana, kurɓi-kurɓi, wanda a zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu aiki ne na wuni guda, kuma bushewar jiki na cikin manyan abubuwan da ke maida mutane asibiti. Lemon kwalba mai gas an hana. Zoɓo da kunun aya na sayarwa sukarinsu ya yi yawa.

Bitamin da magani

Ana shan bitamin har abada, musamman B12, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin D. Wanda ke ta amai kwana da kwanaki ya koma asibiti da wuri saboda ƙarancin B1 na iya taɓa ƙwaƙwalwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da ake saya a kemis ana hana su don suna jawo gyambo a wurin ɗinki.

Saɓani

Shan kofi da amfani da tsinken zuƙo lemo, wasu asibitoci sun hana wasu ba su damu ba. Azumin Ramadan likitoci da yawa na cewa a jinkirta shi a shekarar farko, hukuncin ramuwa ko ciyarwa kuma wurin malamai ake tambaya.