Filin Jirgin Saman Soja na Thorpe Abbotts

Thorpe Abbotts tsohon filin jirgin saman soja ne da ke karkarar Norfolk a gabashin Ingila, 'yan kilomitoci gabas da garin Diss. An gina shi a shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a kan filayen noma. Yankin shimfiɗaɗɗe ne, kuma yana kusa da gaɓar tekun da jirage ke tsallakawa zuwa Jamus, shi ya sa aka cika shi da irin waɗannan sansanoni. Tun farko don sojojin saman Birtaniya aka yi filin, daga baya aka miƙa shi ga Amurka.

A watan Yuni na 1943 runduna ta 100 ta jiragen jefa bama-bamai ta Amurka ta sauka a wurin da jiragenta ƙirar B-17, kowanne mai injina huɗu da ma'aikata goma. Da rana tsaka suke kai hari, kuma a lokacin jiragen rakiya ba sa iya bin su har cikin Jamus, don haka asarar ta yi muni ƙwarai. A harin da aka kai birnin Regensburg na Jamus ranar 17 ga Agusta, 1943, rundunar ta rasa jirage 9. Ranar 10 ga Oktoba kuwa, jirage 13 suka doshi birnin Münster, ɗaya tak ya dawo, wanda Robert Rosenthal ya tuƙo da injina biyu a mace da ƙaton rami a fiffike. Abin tausayi shi ne yawancin waɗanda suka tafi samari ne, kuma a wannan maraice masu jira a hasumiyar kula da jirage sun yi ta duban sama har duhu ya shiga.

Rundunar ta kai hare-hare 306, na ƙarshe a watan Afrilu na 1945, sannan a watan Mayu ta yi jigilar abinci zuwa ga mutanen Holan da yunwa ta galabaitar. Ta bar filin a ƙarshen wannan shekara, aka rufe shi a 1956, ƙasar ta koma hannun manoma.

An farfasa yawancin titunan saukar jiragen. Hasumiyar ce ta tsira, domin a 1977 wasu mazauna yankin sun ɗauki nauyin gyara ta ba tare da an biya su ba, a 1981 kuma aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi, inda ake ajiye kakin matuƙa, hotuna da wasiƙunsu.