Shin alƙali ɗan siyasa ne? Tambayoyi da amsoshi kan kotu da masu mulki

Tun da aka yi shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023, daga teburin mai shayi a Wudil har kasuwar Maigatari, magana ɗaya ake ji: wai kotu ta masu mulki ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

Wa ke naɗa alƙali?

Ya danganta da kotun. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce gwamna ne ke naɗa Alƙalin Alƙalan jiha da Girandi Kadi, wato shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, bisa shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa, sannan majalisar dokokin jiha ta amince. A Kotun Ƙoli kuwa, shugaban ƙasa ne ke naɗawa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Majistare da alƙalin kotun Shari'a na garinku, Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha ce ke ɗaukarsu, ita ce kuma ke hukunta su. Kwamishinan shari'a, wanda gwamna ya naɗa, yana cikin mambobinta.

Ke nan alƙali yaron gwamna ne?

A doka, a'a. Gwamna ba shi da ikon tsige babban alƙali shi kaɗai don ya yanke hukuncin da bai yi masa daɗi ba. Sai dai kuɗin gyaran kotu da mota da gida sun daɗe suna fitowa ta hannun gwamnatin jiha, kuma kowa ya san baki in ya ci, ido kan ji kunya. Kan wannan ne ma'aikatan kotuna suka rufe kotunan ƙasar nan daga Afrilu zuwa Yuni na 2021, suna neman a sakar wa ɓangaren shari'a kuɗinsa kai tsaye. A Janairun 2019 kuma, saura 'yan makonni a yi zaɓe, Shugaba Buhari ya dakatar da Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen. Ko mene ne ra'ayinka kan zargin da aka yi masa, ƙaramin alƙali da ya ga haka dole ya shiga taitayinsa.

To shari'ar Kano fa, ba siyasa ba ce zalla?

Hukumar zaɓe ta bayyana Abba Kabir Yusuf na NNPP a matsayin wanda ya ci. Ranar 20 ga Satumba, 2023, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke masa ƙuri'u 165,663, ta ce Nasiru Yusuf Gawuna na APC ne ya yi nasara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tsige Abba a Nuwamba. Ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin biyun. Wanda ya zagi kotu a Satumba shi ne ya yabe ta a Janairu, haka ma ɗaya ɓangaren. Abin da ke damuna ya wuce wanda ya ci: mutane sun yini a layi cikin rana sun jefa ƙuri'a, amma magana ta ƙarshe ta koma hannun alƙalai ƙalilan a Abuja. Muddin kujerar mulki tana fitowa daga kotu, 'yan siyasa ba za su bar ƙofar alƙali ta huta ba.

Malam, ai a da ba haka ake ba?

Tambayi dattawan da suka yi NEPU, jam'iyyar Malam Aminu Kano. A zamanin En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, alƙali ma'aikacin sarki ne, haka ɗan doka da gidan yari. An ɗaure magoya bayan Malam Aminu Kano da dama, wasu an yi musu bulala, kan taro ba izini ko zagin sarauta. Sai a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotunan daga hannun En'e. Tun kafin nan ma malamai sun ji tsoron kujerar: Imam Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga Halifa Mansur, aka tsare shi.

Ni manomi ne, ina ruwana?

Kai ne ma abin ya fi shafa. Shari'arka ta iyakar gona ce, ko rabon gado, ko ɓarnar shanu a burtali. Siyasar da za ta same ka ba ta jam'iyya ba ce kawai. Abokin shari'arka na iya zama ɗan'uwan kansila ko na ciyaman, a yi ta ɗage zama har damina ta wuce ba ka shuka ba, kuɗin mota ya cinye ka, ka haƙura. Duk da haka akwai alƙalai masu tsoron Allah a ƙauyukanmu, waɗanda ba a jin sunansu a rediyo, kuma zalunci ne a haɗa su da marasa kirki.

In na ga alƙali ya karkata, me zan yi?

Kada ka yi rigima a kotu. Nemi kwafin hukunci a hannun magatakarda, ka ɗaukaka ƙara nan da nan, domin akwai wa'adi, in ya wuce sai ka nemi izini. Shari'ar aure da gado tana iya hawa har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kano ko Dutse. In kuwa cin hanci aka nema a wurinka, wannan ƙorafi ne daban: a rubuce za ka kai shi Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha, da rana da wuri da sunayen shaidu. Duk kuɗin da ka biya a kotu, ka karɓi rasit.